Alli a hannu, jaka a kafaɗa: Shekara biyu ina koyar da Turanci a ƙasar Habasha

Ranar da na sauka a filin jirgin sama na Bole da ke Adis Ababa, abu mafi daraja a jakata, bayan fasfo, shi ne wani ɗan littafin lissafi mai baƙin bango. A shafinsa na farko na rubuta kuɗin filin da nake son saye a bayan Kuje, na raba shi gida 24, adadin watannin da zan yi ina koyar da Turanci a ƙasar Habasha. A ƙarƙashin lissafin na ja layi biyu, na kafa wa kaina doka: ba yawo, ba ziyara, daga gida sai aji. Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya taɓa haɗa kuɗin hayar shekara a Kubwa ko Lugbe ko Mararraba ya san dalilin wannan doka, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Na tafi ne a ƙarƙashin shirin nan na tura ƙwararru ƙasashen waje da aka fi sani da TAC, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1987, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje. Manufar shirin ita ce Najeriya ta taimaki ƙasashen Afirka da na yankin Karibiyan da tsibiran Tekun Fasifik da mutane maimakon tsabar kuɗi, wato malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi da masana shari'a. Najeriya ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓi baƙo ta ba shi masauki, wa'adin kuma shekara biyu ne. Da yawa daga cikinmu ma'aikatan gwamnati ne da wuraren aikinsu suka ba da aronsu. Dokar da na kafa wa kaina wata huɗu ta yi kafin ta karye, kuma har yau ina gode wa yaron da ya karya ta.

Ajin da ba ya magana

An tura ni wata kwaleji a Dire Dawa, birnin gabashin ƙasar da ya tashi a 1902 albarkacin layin dogon da aka shimfiɗo daga Jibuti. Wani busasshen rafi mai suna Dechatu ya raba garin biyu. A ɗaya gefen akwai Kezira mai faffaɗan tituna da inuwar itatuwa, inda ma'aikatan jirgin ƙasa suka zauna, a ɗaya gefen kuma Megala, tsohuwar unguwar kasuwa, inda za ka ji harshen Oromo da na Somali da na Amhara a rumfa ɗaya. Zafin garin da ƙurarsa da Keke Napep ɗinsa, wanda su suke kira bajaj, duk sun sa na ji kamar ban yi nisa da Arewa ba.

Aji ne ya nuna mini cewa na yi nisa. Habasha ba ta yi zaman mulkin mallaka irin namu ba. Ta karya rundunar Italiya a Adwa a 1896, mamayar da Musolini ya yi mata daga 1936 zuwa 1941 kuwa ba ta daɗe har ta dasa harshe ba. Saboda haka Turanci ba shi da gurbi a kasuwa ko a tasha ko a yawancin ofisoshi. Harshen Amhara, mai haruffansa na kansa, shi ne harshen aikin gwamnatin tarayya a lokacin, yara kuma suna fara karatu da harshen yankinsu, sai a sakandare da jami'a ne Turanci ke zama harshen koyar da kusan kowane darasi. Abin da wannan ya haifar shi ne ɗalibin da zai zayyana maka ƙa'idojin nahawu ba tuntuɓe, amma bai taɓa yin hirar minti biyar da Turanci ba tun da aka haife shi. Ga shi kuma da wannan harshen zai karanta kimiyya ko shari'a, da shi zai rubuta jarrabawar da za ta yanke masa makoma.

Nakan jefa tambaya, ajin ya yi tsit. Idan na ce ko sun gane, sai in ji wasu sun ja numfashi ciki da sauri, kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Makonni na yi ina zaton razana su nake yi, kafin wani abokin aiki ya gaya mini yana dariya cewa haka mutanen ƙasar ke amsawa da "e". Kullum da yamma in koma masauki, in dafa taliya, in kira iyali, in buɗe littafin lissafi, in kwanta. Lissafi yana tafiya daidai, aikin da ya kai ni kuwa ya cije, kuma zuciyata ta san haka.

Gayyata daga cikin ganuwa

Wata ranar Alhamis bayan darasi, wani ɗalibi da ban taɓa jin muryarsa ba ya biyo ni har bakin ofis. Da ƙyar ya haɗa kalmomin, amma saƙon ya fito: mahaifinsa ya ce abin kunya ne a ce malamin ɗansa, baƙo daga wata uwa duniya, ya yi wata huɗu a kusa da Harar bai taka gidansa ba. Na so in kawo uzuri, sai na tuna yadda zan ji da wani ya mayar wa mahaifina da irin wannan gayyata. Ranar Asabar muka hau ƙaramar bas.

Tsakanin Dire Dawa da Harar kimanin kilomita 50 ne, amma hawa ake yi ta kan duwatsu, kafin ka isa ka fara neman rigar sanyi. Tsohon birnin, wanda suke kira Jugol, yana cikin ganuwa mai ƙofofi biyar na asali, kuma ana danganta ginin ganuwar da Sarki Nur bin Mujahid na ƙarni na 16. Hukumar UNESCO, wadda ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2006, ta ƙidaya masallatai 82 da hubbarori 102 a cikinsa, alhali mai tafiya da ƙafa zai zagaye ganuwar cikin kamar awa guda. Ni da na tashi a cikin birnin Zazzau ban nemi tafinta ba a nan. Ga lunguna masu murɗewa, ga layin teloli da aka raɗa wa suna saboda ƙarar kekunan ɗinki, ga wani ɗan siririn lungu da mutum biyu ba sa iya wuce juna sai sun gogi kafaɗa, wanda mutanen garin ke cewa masu gaba idan suka haɗu a cikinsa dole su shirya.

Ɗakin baƙin gidan ya fi komai tsaya mini a rai. Dakali-dakali ne biyar aka shimfiɗe da dardumai, kowanne da irin mutumin da ke zama a kansa gwargwadon shekaru da matsayi. Bango kuwa an lulluɓe shi da faya-fayai da kwanduna masu launi da kwanonin samira, sak jeren da na buɗe ido na gani a ɗakin kakata. Dattijon ya zaunar da ni a mazaunin manyan baƙi, yana kira na Ustaz. Aka kawo gahawa ɗanya aka soya a gabanmu, aka daka, aka dafa a tulun ƙasa mai dogon wuya, hayaƙin lubban yana tashi, ga gugguru a faranti. Zagaye uku ake sha, kamar shayin Buzaye, na ukun ana kiran sa baraka, kuma tashi kafin a kai gare shi rashin ladabi ne.

Da ya ji daga Najeriya nake, sai dattijon ya gyara zama ya ce ai mun taɓa zuwa. Mahaifinsa, in ji shi, ya ga baƙaƙen sojoji masu tsage a fuska sun shigo garin lokacin da aka kori Italiya. Na yi murmushin ladabi, ina zaton ruɗewar tsufa ce. Daga baya na bincika na tarar gaskiyarsa ce. A yaƙin Hitila, Birged ta 23 ta sojojin Najeriya, ƙarƙashin Ingila, ita ce ta yi gaba daga Mogadishu zuwa Jijiga, ta ratsa mashigin dutsen Marda, ta shiga Harar a ƙarshen Maris na 1941, a zamanin da Hausa ce harshen bariki a rundunar. Na yi shekaru ina koyarwa a gida ban san wannan ba, sai da na zauna a dakalin wani dattijo a gabashin Afirka.

Bayan sallar isha'i aka kai ni bayan ganuwa kallon mai ciyar da kuraye. Mu mun saba ganin kura a hannun gardi, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya. A Harar kurayen daji ne, sake suke, mutumin yana zaune a ƙasa yana kiran su, suna fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya suna karɓar nama daga ɗan guntun sanda, wani lokaci sandan ma a bakinsa yake. A jikin ganuwar akwai ƙananan kafofi da aka bar musu don su shigo da dare su kwashe ƙazantar mahauta. Aka miƙo mini sandan, na ce a yi mini afuwa, 'ya'yana ƙanana ne.

Sai a hanyar komawa wani abu ya faɗo mini. Ni da dattijon ba mu da harshe ɗaya ban da ɗan Larabcin makarantar allo, ɗansa ne ya yi mana tafinta tun hantsi har dare. Yaron da ya yi wata huɗu bai ce uffan a ajina ba ya wuni yana Turanci, yana tuntuɓe yana tashi, saboda yana da abin faɗa, kuma ya ga mai bukatar ji.

Da ɗan gari kan ci gari

Ranar Litinin na nemi izinin shugaban sashe na canza salo. Na raba ajin rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya ɗauki abu ɗaya daga garinsu, ƙofa ko kasuwa ko abinci ko biki, ya yi wa baƙon da bai san komai ba bayaninsa da Turanci. Baƙon kuwa ni ne, kuma jahilcina na gaske ne, ba na wasan kwaikwayo ba. Wata ɗaliba 'yar Somali da kullum ke ɓuya a layin baya ta yi minti goma tana bayanin yadda ake tatsar raƙuma da adana nononta. 'Yan Harar suka kawo labarin Shuwalid, bikin da suke yi bayan azumin Sitta Shawwal.

Ranar da ajin ya fashe da gaske ita ce ranar da wani ɗan Awedai ya kawo zancen chat, ganyen nan da ake taunawa don wartsakewa, wanda garinsu ya shahara da kasuwarsa, ana loda shi kullum zuwa Jibuti da Hargesa. Ya ce da kuɗin ganyen mahaifinsa ke biya masa karatu, domin ana tsinkar sa sau da yawa a shekara, gahawa kuwa sau ɗaya take ba da amfani. Wata ta miƙe ta ce ganyen ne ya mayar da yayyenta zaman kashe wando, daga azahar ba su da sauran amfani. Gardama ta kaure, hannuwa sama, kowa na neman a ba shi dama. Ban gyara wa kowa nahawu ba a ranar, na dai rubuta kurakuran a takarda, muka bi su ɗaya bayan ɗaya washegari.

Su ma suka ɗauki nauyin koya mini nasu. Mamaki ya kama su da suka ji ina furta wasu haruffan harshen Amhara da ke gagarar Turawa, alhali ba wani abu ba ne illa "ƙ" da "ts" ɗinmu, kuma "dh" ta harshen Oromo 'yar'uwar "ɗ" ce. Masana harsuna sun sa Hausa da waɗannan harsuna cikin babban dangi ɗaya, har sukan kafa hujja da kalmomi irin su "sim" da "suna", ko "mote" da "mutu". Tun da suka ga malaminsu yana kuskure a gabansu ana dariya bai mutu ba, tsoron kuskure ya ragu a ajin.

Ta'aziyya a bakin tafki

A Abuja, wajen taron shirya mu kafin tafiya, na saba da wani malami ɗan Filato, Kirista, wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana. Shi aka tura Hawasa, kimanin kilomita 275 kudu da Adis Ababa. Mun yi alkawarin ziyartar juna, amma littafin lissafi ya cinye alkawarin. Wani dare ya kira ni ya ce mahaifiyarsa ta rasu, kuma ga jarrabawar ɗalibansa ta ƙarato, ga tsadar kuɗin jirgi, ba zai samu jana'iza ba. Muryarsa ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce ya gaji, wata shida bai yi hira da kowa da harshen da yake mafarki da shi ba, kayansa zai haɗa ya bar aikin.

Na nemi izini na sayi tikitin babbar bas. An rubuta ƙarfe 11 a jiki, na ce madalla, zan yi barcina in karya kumallo. Da na isa tasha da hantsi aka ce motar ta yi awa shida da tashi. Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙidayar awa, ƙarfe 7 na safenmu shi ne ƙarfe 1 nasu, don haka ƙarfe 11 da ke tikitina ƙarfe 5 na asuba ne. Kalandarsu ma daban take: wata 12 masu kwana 30, da ɗan ƙaramin wata na 13 mai kwana 5 ko 6, sabuwar shekara a watan Satumba, kuma suna bayan lissafin Miladiyya da shekara 7 zuwa 8. Na yi asarar kuɗin mota da kwana guda, laifin kuwa nawa ne da ban tambaya ba.

Kwana biyu na yi a hanya, ta Awash da Adama, a Mojo muka karkata kudu, muka wuce Shashamane, inda Sarki Haile Selassie ya ba baƙaƙen fatar ƙetare fili, 'yan Rasta daga Jamaika suka zauna. Duk tsawon hanyar ina zulumin zan tarar da shi shi kaɗai a ɗaki. Abin da na tarar shi ne rumfar tanti a ƙofar gida, cike da mutane. Habashawa suna da ƙungiyoyin unguwa da suke kira idir, kowa na zuba ɗan kuɗi duk wata, idan aka yi rasuwa ƙungiya ta kafa rumfa, ta kawo kujeru da abinci, a yi zaman makoki na kwana uku. Mai gidan da yake haya ne ya kai maganar, suka ce baƙon unguwa ɗan unguwa ne. Tsofaffin mata da ba su san sunan marigayiyar ba, ba su san inda Filato take ba, suna zaune lulluɓe da mayafi suna taya shi kuka.

Da ya hango ni ya miƙe ya ce, "Malam, ashe za ka zo?" Na ce, "Ɗan'uwa, ya haƙuri? Allah Ya ba ku dangana." Daga nan bai ƙara iya magana ba sai da aka jima. Da dare na fito da kuka da daddawar da na yi ta tattali tun daga gida, muka tuƙa tuwon masara, muka yi hira da Hausa har asuba, yana ba ni labarin yadda take soya masa gyaɗa idan zai koma makarantar kwana. Da safe muka taka zuwa bakin tafkin Hawasa, inda masunta ke sauke kifi, babba-da-jaka na yawo a tsakanin mutane kamar kaji, dorina na huci can cikin ruwa. A nan ya ce zai tsaya ya ƙarasa wa'adinsa. Kunya ta kama ni, domin da na cika alkawari tun farko, da bai kai ga wannan hali ba. Kafin in tafi muka kira sauran 'yan'uwa da ke wasu garuruwa, muka tsara cewa duk hutu za a haɗu a wurin mutum ɗaya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, waya tana taimakawa, amma ba ta tuƙa tuwo.

Adis Ababa ta bayan otal

A hutun tsakiyar shekara na sauka wurin wani tsohon abokin karatuna da ke aiki a hedikwatar Tarayyar Afirka. Adis Ababa, wadda Sarki Menelik na Biyu da matarsa Taitu suka kafa a 1886, tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, saboda haka baƙo kan yi haki idan ya hau bene, da dare kuma sai da bargo. Ya kai ni zauren Afirka, inda a watan Mayu na 1963 aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ƙasashe 32, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana jagorantar tawagar Najeriya. Muka ga sabon ginin hedikwatar da ƙasar Sin ta gina, aka buɗe a 2012. Muka shiga gidan tarihi na ƙasa, inda ake nuna kwafin ƙasusuwan da aka tono a yankin Afar a 1974, waɗanda duniya ta sani da Lusi, Habashawa kuma ke kira Dinkinesh.

Amma abin da ya fi zama a zuciyata ba ya cikin jerin wuraren da ake kai manyan baƙi. A hanyar hawa dutsen Entoto mun yi ta wuce mata suna gangarowa da damin itacen turare a gadon baya, damin ya fi su faɗi, za su sayar a cikin gari. A kasuwar Markato, babban masallacin Anwar da cocin Raguel maƙwabtan juna ne. Mahauta kan sa alamar gicciye ko ta jinjirin wata a ƙofa don kowa ya san inda zai sayi nama. Ranakun Laraba da Juma'a, da Kiristocin Otodoks ke azumin barin nama da madara, kowane gidan abinci na yin farantin wake da ganyaye a kan injera, gurasar nan mai tsami da ake yi da tef, wani ƙanƙanin hatsi mai kama da acca, Musulmi ya ci hankalinsa kwance. Idan kuma mai masaukinka ya naɗo loma ya kai bakinka da hannunsa, girmamawa ce, kada ka kau da kai.

Abokina ya faɗi wata magana da nake so masu karatu a sakatariyar tarayya su ji. Ya ce tawagogi na zuwa daga Abuja duk shekara, daga filin jirgi sai otal, daga otal sai zauren taro, ranar ƙarshe a sayi takalmin fata da gahawa a koma, ba a yi magana da ɗan ƙasa ko ɗaya ba in ban da direba. Sannan a koma a rubuta rahoto a kan ƙasar. Ya yi dariya ya ƙara da cewa shi ma shekararsa huɗu a nan, bai taɓa zuwa Harar ba. A hutu na gaba ni na yi masa jagora.

Ni na raka shi, shi ya raka ni

Babban hutu yana faɗowa ne a damina, watannin Yuli da Agusta. Ni da abokina ɗan Filato muka ƙulla yarjejeniya: zai raka ni Nagash, in raka shi Lalibela. Nagash ƙauye ne a yankin Tigrai, arewa da Makale, kusa da Wukro. Kowane ɗan Islamiyya ya san labarin hijirar farko, wajen shekara ta 615, lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbansa su tafi ƙasar sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa, da yadda Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta Suratu Maryam a fadar Najjashi. Bisa abin da mutanen garin suka gada, a nan kabarin sarkin yake tare da na wasu daga cikin masu hijirar. Na yi sallah a masallacin, abokina yana zaune a inuwa yana gadin takalmana.

A Lalibela coci 11 ne aka sassaƙa daga dutse, daga sama aka fara ana haƙawa ƙasa, ba a ɗora tubali ko ɗaya ba, kuma ana danganta aikin da Sarki Lalibela na ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13. Wanda ya fi shahara, na Giyorgis, siffar gicciye gare shi, rufinsa daidai da ƙasar da kake tsaye. Su ma a ƙofa ake tuɓe takalmi. Ya sauka ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, ni kuma na zauna a bakin ramin ina gadin nasa.

Bayan mun dawo gida, yaƙi ya ɓarke a Tigrai a watan Nuwamba na 2020, masallacin Nagash yana cikin wuraren da suka samu lahani, kuma ba a tsagaita ba sai da aka sa hannu a yarjejeniyar Pretoriya a Nuwamban 2022, wadda tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya shiga tsakani a madadin Tarayyar Afirka. Da na ga hotunan hasumiyar da ta fashe, na tuna sau nawa na kusa cewa a bari sai wani lokaci.

Abin da lissafi ya nuna

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, yawo yana cin kuɗi. Da wa'adi ya cika, littafina ya nuna giɓin ajiyar kusan wata uku, kafin in cike shi kuma filin bayan Kuje ya tashi, sai wani ƙarami na samu can gaba. Uwargida ta yi magana, kuma tana da gaskiyarta. Wanda ya bar iyali ya tafi nema, haƙƙinsu ne farko, ba na ba kowa shawarar ya mayar da aikin ƙasa yawon shaƙatawa.

Ga wanda za a tura irin wannan aiki, ko wanda zai raka maigidansa taro, abin da zan ce kaɗan ne. Ware kuɗin ziyara tun a shafin farko, kada ya zama sata daga ajiya. Kada ka bar garin aikinka ba da izinin shugabanka a rubuce ba, ka kuma sanar da jagoran tawaga ko ofishin jakadanci inda za ka, takardar zamanka tana aljihu. Tafiya a lokacin hutu ake yin ta, ranar aiki ta ɗalibai ce. Tambayi 'yan gari lafiyar hanya kafin ka sayi tikiti, domin a 'yan shekarun nan wasu sassan Amhara da Oromiya sun yi fama da rikici, hanyar da muka bi lafiya jiya ba lallai ta biyu yau ba. Idan an ba ka lokaci, tambaya ko agogon wa ake nufi. Tafi da 'yar tsaraba daga gida, hula ko turare ko turmin atamfa, don ranar da za a gayyace ka. Sannan ka nemi ɗan'uwanka da aka jefa gari mai nisa tun kafin ya kira ka da dare.

Littafin mai baƙin bango yana nan a akwatina. Shafukan gaba lissafi ne, na baya kuwa sun cika da kalmomin Amhara da Oromo da na rubuta da haruffan boko, da zanen ƙofofin Harar biyar da wani ɗalibi ya yi mini da biro. Shi wannan ɗalibin yanzu malamin Turanci ne a wata sakandare. Duk ƙaramar sallah yakan aiko mini da saƙon murya mai tsawo, kuma a ƙarshe yakan ce mahaifinsa yana gaida Ustaz, yana tambaya yaushe za a sake zagaye na uku.